Tanderun Gas Mai Ɗumama Gida: Jan Kunne Ga Mazauna Ƙasashen Sanyi

Wannan bayani domin 'yan'uwanmu ne waɗanda karatu ko aure ko neman abinci ya kai su ƙasashen sanyi, musamman Amurka da Kanada. A gidaje masu yawa a can, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a wani lungu, akwai wani akwatin ƙarfe da tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Shi ne tanderun gas, shi ke hana gida daskarewa a watan Janairu. Akan sami magidanci ya daɗe yana kwana a bisansa, bai taɓa leƙa shi ba. Dalili kuwa mun saba, ba a kiran mai gyara sai abu ya tsaya. To, wannan ɗabi'a ba ta yi da tanderu, gama ɓacinsa mafi muni yakan zo ne yana tsakiyar aiki, gida da ɗumi, kowa na barci.

Ga yadda yake aiki. A bangon falo akwai ma'aunin zafi. In ɗaki ya yi sanyi sai ya ba tanderu umarni, gas ya fito, wuta ta kama. Wutar nan da hayaƙinta suna bi ta cikin waɗansu bututan ƙarfe masu lanƙwasa, daga nan hayaƙin ya fice waje. Wata babbar fanka kuma tana zuƙo iskar ɗakuna, ta busa ta a jikin bututan nan ta waje, iskar ta ɗauki zafi ta koma cikin gida. Ka lura da kyau: iskar da kuke shaƙa da hayaƙin wuta ba sa haɗuwa, ƙarfen nan ne kaɗai tsakaninsu, kuma ba wani kauri gare shi ba. Yawancin hidimar da ake yi wa tanderu domin lafiyar wannan ƙarfe ake yin ta.

Babban abokin gabarsa ƙura. Kafin iska ta isa fanka takan ratsa ta cikin filta, wato matacin ƙura mai firam na kwali. In filta ta toshe, iska ba ta wucewa sosai, ƙarfe ya yi zafin da ya wuce kima, ya huce, ya sāke yin zafi, yau da gobe har ya tsage. Alamar farko ita ce ka ji tanderu yana kamawa yana mutuwa ba da jimawa ba. Maganin ba ya bukatar gwani. Ka kashe tanderun, ka zaro filta, ka ɗaga ta wajen fitila. In haske bai ratsa ba, ta gama yayi. Mai kaurin inci ɗaya akan sāke ta tsakanin wata ɗaya zuwa uku, gidan da ke da yara da yawa da darduma da turaren wuta kuwa sai a riƙa dubawa kowane wata. Girmanta na rubuce a gefenta, akwai kuma kibiya, wadda za ta fuskanci wajen fanka. Kada kwaɗayin tsabta ya sa ka sayo mai matsewa ƙwarai, wani tanderun ba shi da ƙarfin jan iska ta cikinta.

In ƙarfen ya tsage, ko hanyar hayaƙi ta toshe, abin da ke iya shigowa ɗaki shi ne kabon monoksaid. Wannan guba ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce ta janareton da aka kunna a cikin gida, ita ce ta kaskon garwashin da aka shiga da shi ɗaki da hunturu aka rufe ƙofa. Ba ta da wari, ba ta da launi, jini kuma yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mutum fiye da 400 ke mutuwa a ƙasar kowace shekara ta dalilinta, ban da na gobara. Takan fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sai a ɗauka mura ce. In mutanen gida duka suka kwanta a lokaci guda, in an fita waje kuma a ji sauƙi, kada a tsaya neman magani. A fice, a kira 911.

Saboda haka ƙararrawar da ke jin wannan guba wajibi ce a kowane hawa na gida da kusa da ɗakunan barci. Lardin Ontariyo na Kanada ya mai da ita doka a 2014, bayan mutum huɗu 'yan gida ɗaya sun rasu a garin Woodstock a 2008 sakamakon toshewar bututun hayaƙi. A danna maɓallinta kowane wata a ji kukanta, a kuma duba kwanan watan da ke bayanta, don ita ma tana tsufa, daga shekara 5 zuwa 10 gwargwadon irinta. Wanda ya cire mata batir don ta dame shi da dare, sai dai mu ce Allah ya tsare.

Warin gas dabam ne. Shi gas ba shi da wari tun asali, da gangan ake zuba masa sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin ya zama doka a jihar Texas bayan gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London ya fashe a ranar 18 ga Maris, 1937, kusan mutum 300 suka halaka, yawancinsu yara. In ka ji warin nan, kada ka kunna fitila, kada ka kashe, kada ka tsaya neman inda yake yoyo. Ka fitar da iyalinka, ka kira kamfanin gas daga waje.

Sauran aikin maigida kaɗan ne. Kada a mai da ɗakin tanderu sito, a jibge kwalaye da fenti da fetur. Kada a rufe ƙofofin iska da kujera ko darduma. Tanderu na zamani, wanda ke mai da kashi 90 cikin 100 ko fiye na gas ɗinsa zafi, yana fitar da hayaƙi ta fararen bututan roba a gefen gida, ƙasa-ƙasa, don haka duk ranar da dusar ƙanƙara ta sauka a je a share bakinsu. Yana kuma zubar da ruwa ta wani siririn tiyo, in ka ga ruwa kwance a gindinsa tiyon ya toshe. Harshen wuta shuɗi ake so, tsayayye. In ya koma rawaya yana rawa, a kashe a kira gwani.

Abin da ya wuce nan na mai lasisi ne, ko da hannunka ya iya gyaran mota. Da mugun rawa gara ƙin tashi. A kira mai lasisin sau ɗaya a shekara, a Satumba ko Oktoba, tun layi bai yi tsawo ba. Ya goge sandar da ke jin wuta, ya auna ƙarfin gas, ya haska ƙarfen nan ya nemi tsaga, ya gwada hayaƙi da na'ura, ya bar maka takarda. In ya ce ƙarfe ya tsage, ka ce ya nuna maka, ko ka nemi wani ya sāke dubawa, amma tanderun ya zauna a kashe kafin nan. Tanderu yakan yi shekara 15 zuwa 20.

Ɗan haya kuwa, ɗumama gida da gyara hakkin mai gida ne a yawancin birane. A Niyok doka ta ce daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu kada zafin ɗaki ya gaza awo 62 na Faranhait da dare, in ya gaza a kira 311. Kada kunyar baƙunci ta sa ka yi shiru ka buɗe murhun girki don jin ɗumi, shi ma gubar nan yake fitarwa. Ka rubuta wa mai gida, ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi.