Makaman Ƙare Dangi da Hujjar Kar-Ta-San-Kar

Tun da Amurka ta jefa bama-baman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki cikin watan Agusta 1945, ba a sake amfani da wannan makami a fagen daga ba. Masu goyon bayan ajiye shi suna cewa sirrin shi ne kar-ta-san-kar: kowace ƙasa ta san in ta fara harbawa, kafin nata ya sauka na abokiyar gaba ya taso, don haka kowa ya kama kansa. Hujja ce mai nauyi, amma ita ce kuma ke yaɗa makamin. In har shi ke tsare ƙasa, da wane baki za a hana maƙwabciya nemansa? Tarayyar Sobiyet ta gwada nata a 1949, Birtaniya a 1952, Faransa a 1960 cikin Saharar Aljeriya (gwaje-gwajen da suka sa Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ita a 1961), Sin a 1964. Indiya ta bi sawu a 1974, Pakistan a 1998, Koriya ta Arewa a 2006. Isra'ila kuwa ba ta amsa ba, ba ta musa ba.

Yarjejeniyar hana yaɗuwar makamin ta 1968 ciniki ce: marasa shi su haƙura, ƙasashe biyar na farko su kama hanyar kwance ɗamara. Yawancin duniya ta cika nata alkawarin, amma har yau kusan kashi 90 cikin 100 na makaman suna hannun Amurka da Rasha.

Wani zai ce: to ina Yukiren, wadda a 1994 ta amince ta miƙa makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa alkawarin mutunta iyakokinta, Rasha kuma ta afka mata? Gaskiya ne, kuma wannan cin amana ya ƙara wa masu neman makamin ƙwarin gwiwa. Sai dai tsaron da aka gina a kan tsoro yana buƙatar na'urar da ba ta kuskure da shugaban da ba ya ruɗewa, kullum, har abada. Ranar 26 ga Satumba 1983, na'urorin Sobiyet suka nuna makamai masu linzami sun taso daga Amurka. Hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya ƙi gaskata allon da ke gabansa, ya kai rahoto cewa kuskure ne. Ashe hasken rana ne a kan gajimare ya yaudari tauraron ɗan'adam. Shi yana da 'yan mintoci na tunani saboda nisan da ke tsakanin ƙasashen biyu. Indiya da Pakistan iyaka ɗaya ta raba su, kuma mallakar bam bai hana su gwabzawa a Kargil a 1999 ba, shekara ɗaya tak bayan gwajin Pakistan.