Allah Ɗaya Ne: Yadda Masu Musun Triniti Suke Karanta Nassi

Karatu: Yahaya 1:1-18, Filibiyawa 2:5-11, Kolosiyawa 1:15-20

Akwai tambayar da kusan kowane gidan Kirista ya taɓa cin karo da ita, ko daga bakin baƙin da suka yi sallama a ƙofar gida da jakar littattafai, ko daga bakin yaron da ya dawo hutu daga makaranta: a wace sura aka rubuta kalmar Triniti? Amsar gaskiya ita ce, daga Farawa har Wahayin Yahaya ba a rubuta ta ba. A nan wasu iyaye sukan yi shiru, wasu kuma su hau faɗa, yaron kuwa ya tafi da tambayarsa a ciki. Mai tambayar yakan zo da ayoyi a hannu, ayoyin nan kuwa na gaske ne, suna cikin Littafin da muke buɗewa kowace safiya. Saboda haka ya wajaba mu san yadda suke karanta su, da dalilin da ya sa ikkilisiya ba ta bi karatunsu ba.

Abin da ikkilisiya take shaidawa shi ne, Allah ɗaya ne tak, kamar yadda Musa ya koya wa Isra'ila a Maimaitawar Shari'a 6:4. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne, zatinsu ɗaya; amma Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa kuma ba shi ne Ruhu ba. Harshenmu yakan ba mu wuya a nan, gama in muka ce "mutum uku", mai sauraro zai ji kamar muna maganar 'yan adam uku ne, ko alloli uku, abin da babu Kiristan da ya yarda da shi. Kalmar Triniti kanta ta fito daga Latin, wani malamin Afirka ne ya fara rubuta ta, wato Tatuliyan na birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 213. Suna ne ya ba abin da ya tarar masu bi suna yi tun kafin a haife shi. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Romawa, Filini, wanda ba Kirista ba ne, ya rubuta wa sarki Tarajan cewa Kirista sukan taru kafin gari ya waye su raira waƙa ga Almasihu kamar ga allah.

Gardamar Iskandariya

Wajen shekara ta 318 wani dattijon ikkilisiya a Iskandariya ta Masar, mai suna Ariyus, ya soma koyar da cewa Ɗan halitta ne. Bai ce mutum ne kawai ba. Ya ce shi ne na fari, mafi ɗaukaka cikin halittu, ta wurinsa aka yi sauran duka, amma akwai sa'ad da babu shi. Ariyus ba jahili ba ne, nufinsa kuma ya kare ɗayantakar Allah. An ce har waƙoƙi ya shirya wa matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa don koyarwarsa ta shiga bakin talakawa. Shugabannin mawaƙanmu su lura da wannan: abin da jama'a suke rairawa ya fi abin da suka ji a bagadi zama a zuciya.

Rikicin ya bazu har sarki Konstantin ya kira taron bishop-bishop a Nikiya, garin da ake kira Iznik a Turkiyya yanzu, a shekara ta 325. Taron ya shaida cewa Ɗan haifaffe ne, ba halittacce ba, zatinsa ɗaya da na Uba. Bishop biyu ne kaɗai, dukansu daga Libiya, suka ƙi sa hannu.

Sau da yawa za ku ji ana cewa Konstantin ne ya ƙago Triniti ya ɗora wa ikkilisiya. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Tatuliyan ya riga taron da fiye da shekara 100. Sarkin kansa daga baya ya karkata wajen abokan Ariyus, shi ya kori Atanasiyus, bishop na Iskandariya kuma babban mai kare shaidar Nikiya, a shekara ta 335, wani bishop na ɓangaren Ariyus ne kuma ya yi masa baftisma gab da mutuwarsa a 337. Sau biyar ana korar Atanasiyus daga kujerarsa. Da ikon fada ne ya yanke maganar, da koyarwar Ariyus ce ta tsaya. Sai a shekara ta 381, a taron Konstantinoful, aka sake tabbatar da shaidar Nikiya, aka kuma faɗaɗa abin da ta ce game da Ruhu Mai Tsarki.

Ayoyin da suke riƙe da su

A zamaninmu, waɗanda koyarwarsu ta fi kusa da ta Ariyus su ne Shaidun Jehobah, ƙungiyar da ta samo asali daga ɗaliban Littafi Mai Tsarki na Charles Taze Russell a Amurka, ta kuma ɗauki wannan suna a 1931. Suna koyar da cewa Yesu shi ne halittar Allah ta fari, shi ne shugaban mala'iku Mika'ilu kafin zuwansa duniya, Ruhu Mai Tsarki kuwa ikon Allah ne kawai mai aiki.

Aya ta farko da gardama takan tsaya a kai ita ce Yahaya 1:1. A Helenanci akwai wata ƙaramar kalma mai nuna takamaiman abu, da akan sa gaban suna. Inda Yahaya ya ce Kalman yana tare da Allah, ya sa ta. Inda ya ce Kalman Allah ne, bai sa ba. Daga nan fassarar Shaidun ta Turanci, wadda Sabon Alkawarinta ya fito a 1950, ta mai da Kalman wani allah da ƙaramin harafi. Amma ku duba surar da kanku. A aya ta 6, da 12, da 13, da farkon 18, sunan Allah ya zo ba tare da wannan ƙaramar kalma ba, ba wanda ya fassara shi da wani allah. Yahaya yana da dalilin barin ta. Da ya sa ta, da ya mai da Kalman da Uba abu guda ba bambanci, alhali yanzun nan ya ce yana tare da shi. Da ya bar ta, sai ya faɗa mana irin zatin Kalman. Aya ta 3 kuwa ta rufe ƙofa: ta ce duk abin da aka yi, ta wurinsa aka yi, ba ko ɗaya da ya kasance ba tare da shi ba. Wanda dukan halitta ta fito ta hannunsa ba ya shiga lissafin halittu.

Ta biyu ita ce Kolosiyawa 1:15, inda Bulus ya kira Almasihu ɗan fari a kan dukan halitta. Sukan ce, ɗan fari ai ɗaya ne cikin 'ya'ya. A gidajenmu haka ne. Amma a Littafi Mai Tsarki wannan suna na matsayi ne da gādo. Dawuda shi ne auta a gidan Yesse, duk da haka a Zabura 89:27 Allah ya yi alkawarin mai da shi ɗan fari, aya ɗin kuma ta bayyana ma'anar da kanta: mafi ɗaukaka cikin sarakuna. Manassa ya girmi Ifraimu, amma Ifraimu aka kira ɗan fari a Irmiya 31:9. Don karatunsu ya daidaita, masu fassarar Shaidun sun ƙara kalma mai ma'anar "sauran" a aya ta 16 da 17, kalmar da babu ita a Helenanci. In sai an ƙara wa aya kalma kafin ta yarda da koyarwa, ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani.

Haka nan Karin Magana 8:22, wadda mutanen Ariyus suka jingina da ita ƙwarai domin tsohuwar fassarar Helenanci ta ce an halicci Hikima. Kalmar Ibrananci da ke wurin tana kuma ɗaukar ma'anar samu ko mallaka, surar kuwa waƙa ce da ta siffanta Hikima kamar mace mai kira a bakin hanya.

Mafi nauyi cikin ayoyinsu, a ganina, su ne maganganun Yesu da kansa: a Yahaya 14:28 ya ce Uba ya fi shi, a Markus 13:32 kuma ya ce Ɗan bai san ranar ƙarshe ba. Kada mu yi gaggawar tsallake su. Mabuɗinsu yana Filibiyawa 2, inda Bulus ya nuna cewa wanda yake cikin surar Allah ya ƙasƙantar da kansa ya ɗauki surar bawa. Ya ji yunwa, ya gaji, ya yi barci a jirgi, ya ƙaru da hikima yana yaro. Mutum ne na gaske, ba kwaikwayo ba. Yadda sanin Allah da iyakar ɗan adam suka haɗu cikin Almasihu ɗaya asiri ne mai zurfi, ikkilisiya ba ta taɓa cewa ta auna zurfinsa ba. Abin da ta ƙi shi ne a ɗauki waɗannan ayoyi a shafe sauran da su. Bisharar da ta ce Uba ya fi shi, ita ce ta nuna Toma yana kiransa Ubangijinsa da Allahnsa a 20:28, Yesu kuwa bai tsawata masa ba. Ku gwada wannan da Wahayin Yahaya 22:8-9, inda mala'ika ya hana Yahaya yi masa sujada nan take. Ibraniyawa 1 kuma ta umarci dukan mala'iku su yi wa Ɗan sujada. Mika'ilu yana cikin waɗanda aka umarta.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. In Yesu halitta ne, to, kowace Lahadi muna yi wa halitta sujada, wannan kuwa bautar gumaka ce komai ɗaukakar halittar. Hujjar Atanasiyus ke nan, tare da wata: halitta ba ta da rai na kanta da za ta ba wata halitta, sai Mahalicci ne zai iya maido da abin da ya lalace. Game da Ruhu kuma, a Ayyukan Manzanni 5:3-4 Bitrus ya ce Hananiya ya yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya, nan da nan ya ce Allah ya yi wa. A 13:2 Ruhu ya yi magana ya zaɓi ma'aikata. A Afisawa 4:30 ana iya ɓata masa rai. Ba a yi wa iska ko wutar lantarki ƙarya.

Kuskuren ɗaya gefen

Akwai kuma masu musun Triniti da suke ɗaukaka Yesu ƙwarai, har su ce shi ne Uba, shi ne Ɗa, shi ne Ruhu, sunaye ne uku na guda ɗaya. Sabeliyus ya koyar da irin wannan a Roma a ƙarni na 3. Ta sake tasowa cikin wasu 'yan Fentikos a Amurka bayan wani taro kusa da Los Anjeles a 1913, har ikkilisiyar Assemblies of God ta rabu da su a 1916. Sukan yi baftisma da sunan Yesu kaɗai bisa ga Ayyukan Manzanni 2:38, su kuma kawo Yahaya 10:30 da 14:9. Amma a bakin Urdun, wa ya yi magana daga sama sa'ad da Ɗan yake cikin ruwa? A Gatsemani, wa yake roƙo? A Yahaya 17 ya ambaci ɗaukakar da yake da ita tare da Uba, da ƙaunar da Uba ya yi masa, tun ba a kafa duniya ba. Ƙauna tana bukatar mai yi da wanda ake yi wa.

Malaman makarantar Lahadi su yi hankali, domin wasu misalanmu wannan koyarwa suke shukawa ba da saninmu ba. Mutum ɗaya da yake uba a gida, malami a makaranta, dattijo a ikkilisiya, wannan Sabeliyus ne sak. Ruwa da ƙanƙara da tururi ma haka. Duwatsun murhu uku kuwa sun kauce ta wani gefen, gama kowane dutse sulusin murhu ne, alhali Ɗa ba sulusin Allah ba ne.

In baƙin nan sun zo, ku ba su wurin zama da ruwan sha, ku nemi a karanta surar gaba ɗaya maimakon aya guda. Kada a zage su. A 1553 an ƙone Mika'el Sabetus, likita ɗan ƙasar Sifen, a birnin Janeba saboda musun Triniti, John Calvin kuma yana cikin waɗanda suka tsaya a kan a hukunta shi. Wannan tabo ne a tarihin ikkilisiya, bai kuma tabbatar da ko aya ɗaya ba.

Kada kuma ku jingina da doguwar 1 Yahaya 5:7 da ke cikin tsohuwar fassarar Turanci ta King James, mai ambaton masu shaida uku a sama. Babu kalmomin nan a tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci. Irasmus bai sa su a bugunsa na 1516 ba, sai a na 1522, yawancin fassarorin yau kuma sun cire su. Baƙinku sun san wannan sarai. Majalisar Nikiya ba da ita ta yi aiki ba, ku ma ba ku bukace ta. Ku buɗe wa 'ya'yanku Matiyu 28:19, inda suna ɗaya ya ɗauki Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, sa'an nan ayar ƙarshe ta 2 Korantiyawa 13, wadda suka riga suka haddace, domin da ita ake sallamar jama'a a ƙarshen sujada.