Darasin Uhudu da na Kwazazzabon 'Yar Kwando

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shugaba bai san gaibu ba, saboda haka ba a auna hukuncinsa da abin da ya haifar kaɗai. A shekara ta 3 bayan Hijira, da Ƙuraishawa suka doso Madina, Annabi (SAW) ya nemi shawarar sahabbai. Ra'ayinsa shi ne a zauna cikin gari, amma matasa suka matsa a fita. Aka fita Uhudu, Musulmi 70 suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza.

Mai gaggawa sai ya ce ai shawarar ce ta jawo wannan. To, amma aya ta 159 a Suratu Ali Imrana, wadda ta sauka bayan yaƙin, umarni ta yi a yafe wa mutanen, a nema musu gafara, a kuma ci gaba da shawara da su. Inda aka karye shi ne wajen maharban nan 50, waɗanda mafi yawansu suka sauko daga tudun da aka tsayar da su don neman ganima. Da rundunonin Ahzabu suka zo a shekara ta 5, aka sake shawara, aka tsaya a Madina, aka haƙa rami bisa ra'ayin Salmanu Farisi. An gyara dabara, ba a jefar da shawara ba.

Mutanen Kabo da Gwarzo suna da misalin akasin haka a ƙasarsu. Bayan hijirar Shehu Usmanu a 1804, malaman Kano masu bin sa suka taru a Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birni. Sarki Alwali ya ɗauka 'yan tsiraru ne, ya tura ƙaramar runduna, aka kore ta. Wannan kam ba abin zargi ba ne ƙwarai, domin babu wanda ya san ƙarfinsu a lokacin. Abin zargin shi ne abin da ya biyo baya. Ya tura Barde Bakore, aka kore shi. Ya nemi sulhu bayan jini ya zuba, aka ƙi. Ya tura Sarkin Dawaki Ali da babbar runduna, ita ma ta watse. Kowane karo sai a ƙara yawan dawaki, ba a tsaya an tambayi dalilin da ya sa mutane ke komawa wajen malamai ba, alhali kowace rundunar da ta karye tana bar musu makamai da ƙarin mabiya.

Daga nan jama'a suka bi ta Gammo, da Kabo, da Masanawa, da Godiya, har Ƙaraye. A 1807 aka ci Alwali a Ɗan Yaya, ya gudu Zazzau, daga bisani aka kashe shi a Burumburum.