Amsoshin Tambayoyinku: Zan tafi karatu Ingila, yaya zan yi da karena mai cizo?

TAMBAYA: Ni malami ne a nan Kafin Hausa. Allah ya ba ni gurbin ƙaro karatu a Ingila, saura wata biyu mu tashi da iyalina, kuma shekara uku za mu yi. Damuwata kare ne. Gidana a bakin gari yake, ina kiwon tumaki, shi ya sa na ɗauko shi tun yana kwikwiyo don gadi. Sunansa Duna, shekararsa uku. Tun da ya girma ba a taɓa yi mini sata ba, amma ya yi zafi. Ya kashe kajin maƙwabta, ya taɓa yaga ɗan akuya, da daminar bara kuma ya ciji wani almajiri a ƙwauri. Tun daga nan yake ɗaure a sarƙa dare da rana, sai ma abin ya ƙaru, yanzu ko maiɗakina ba ya bari ta matso in yana cin abinci. Tumakin zan sayar. Ƙanena ya ce ba zai karɓe shi ba. Wani ya ce in sa shi a mota in sauke shi can hanyar Bulangu, wani ya ce in ba shi guba in huta, wani kuma ya ce in miƙa wa mafarauta kada in faɗi komai. Babu wadda zuciyata ta kwanta da ita. Mene ne mafita?

Daga wani mai karatu, Kafin Hausa

AMSA: Malam, Allah ya sa a tafi a sa'a, a dawo da abin da aka je nema. Zuciyarka ta gaya maka gaskiya da ta ƙi shawarwarin nan uku, kuma wata biyu zai ishe ka in ka soma a wannan makon.

Tafiya da shi kam ka cire ta daga lissafi. Karen da zai shiga Ingila daga Najeriya sai an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an yi masa allurar haukan kare, an jira aƙalla kwana 30 an ɗebi jininsa an gwada, sannan a sake jiran wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin. Kafin a gama wannan ka daɗe da fara shiga aji. Ko da lokacin ya isa, karen da ya saba da fili da tumaki ba zai zauna lafiya a ɗakin haya na ɗalibi ba.

Matakin farko likitan dabbobi ne. Ka tuntuɓi sashen dabbobi na ƙaramar hukuma, ko asibitin dabbobi na gwamnati a Haɗejiya ko Dutse, ka nemi a zo gida a duba shi, tun da ɗaukarsa a mota zai yi wuya. Ba ka ambaci rigakafi a wasiƙarka ba, kuma wannan ya dame ni fiye da kajin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma na waɗanda yake kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da ƙyar ake samun wanda ya tashi. Allurar kare kuwa a ƙasar nan ma ana yin ta, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, wadda take aiki tun 1924. Ana fara yi wa kwikwiyo yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. A yi wa Duna yanzu, a ba ka kati.

Game da yaron da ya ciza, ga abin da zai sanyaya maka rai: karen da ke ɗauke da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizo ba ya wuce kwana goma bai nuna ciwo ko ya mutu ba. Duna ya kai bana da ƙafafunsa, don haka wancan cizon ba na hauka ba ne. Amma in ka ga halinsa ya juye farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana cizon itace ko ƙarfe, muryarsa ta canja, ko muƙamuƙinsa ya saki, to maganar kyauta ta ƙare. A kulle shi, kowa ya nisance shi, a kira likita.

Likitan ya duba kunnuwansa saboda kaska, ya duba haƙora, da wuyan da sarƙa ta daɗe tana ci, ya ba shi maganin tsutsar ciki. Dabbar da wani wuri ke yi mata ciwo takan kai hari ga hannun da ya nufo ta.

Ka ce ya yi zafi, amma abin da ka lissafa ba hali ɗaya ba ne, kuma rarrabe su shi zai nuna maka gidan da ya dace da shi. Kashe kaji da bin ɗan akuya farauta ce, tana cikin jininsa, ba ta nufin zai far wa mutum. Ita ce kuma mafi wuyar cirewa, don haka katanga ce maganinta. Gurnani a kan kwano tsoron ƙwace ne, kuma yana da sauƙi: a ajiye masa abinci a ba shi wuri, kada kowa ya tsaya a kansa, a ɗauke kwanon bayan ya bar gurin. In ana so ya sassauto, maiɗakinka ta riƙa wucewa daga nesa tana jefa masa ɗan ƙashi ko tsoka ba tare da ta tsaya ba, har ya gane zuwanta ƙari ne. Kada a doke shi don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, in aka hana shi da sanda, gaba sai ya yi cizo babu sanarwa.

Cizon yaron shi ne abin da za ka zauna ka yi wa kanka tambayoyi a kansa, ka kuma amsa tsakani da Allah. Yaron shigowa ya yi zaure da ƙoƙonsa, ko Duna ne ya bi shi har titi? Yara sun saba jifansa in sun zo wucewa? Kafa haƙori ya yi sau ɗaya ya saki ya ja baya, ko riƙewa ya yi yana girgiza kai, ya saki ya sake kamawa? Karen da ya ciji baƙon da ya faɗo masa gida, sau ɗaya, ya saki, aikin da ka ɗauko shi dominsa ya yi, sai dai bai san bambancin ɓarawo da mai bara ba. Irinsa yana iya zama lafiya a wurin da yara ba sa ratsawa. Wanda ke fita neman mutane, ko ya yi raunuka masu zurfi a kai a kai, wannan wata magana ce, zan dawo kanta.

Sarƙar nan kuwa, na san don kare haƙƙin maƙwabta ka sa ta, amma ita ta ƙara lalata shi. Dabbar da ke ɗaure ba ta da hanyar gudu in ta tsorata, sai ta zaɓi faɗa. Ka haɗa da zafin bazarar Jigawa da ke haura digiri 40, a turke guda, wata da watanni. Daga gobe ka riƙa fita da shi a igiya bayan sallar asuba, kafin gari ya cika, ka kewaye masa wani ɓangare na gidan mai inuwa inda zai sake, ruwa kuma kada ya yanke masa. Ka saba masa da takunkumi a hankali, kana sa ɗan abinci a ciki yana tura baki da kansa, domin likita da sabon mai shi duk za su buƙace shi. In likita ya ba da shawarar a dandaƙe shi, hakan yana rage yawo da faɗa da sauran karnuka, amma kada ka ɗauka zai goge cizon tsoro.

To wa za a ba? A ƙasar da za ka akwai gidajen karɓar karnuka, irin na Battersea da ke Landan tun 1860, kuma ko su tarihin cizo suke fara tambaya. Mu a nan ba mu da wannan, sai dai mutum ya nemi mutum. Wanda ya fi dacewa da Duna magidanci ne da ya taɓa riƙon kare, mai lambu ko garka a killace a wajen gari. Masu noman rani a fadamun kogin Haɗejiya suna barin injin ban-ruwa da buhunan taki a gona, kuma da yawansu suna neman mai gadi irin wannan. Gidan da ke da ƙananan yara, ko wanda ke kusa da tsangaya, ka tsallake shi komai kusancinku da mai gidan. Ruga ma ban ba ka shawara ba, domin can ga 'yan maruƙa, ga 'yan awaki, ga yara, kuma karen makiyayi da garke yake tasowa tun yana kwikwiyo. Mafarauta ba laifi ba ne in ta hannun Sarkin Baka ka bi kuma ka faɗi komai. Son bin dabba da yake da shi yana iya yi musu amfani, sai dai ka tambaya yadda za su haɗa shi da karnukansu, don baƙon namiji babba yakan sha yaga, ka kuma tambaya wa ke ciyar da su in damina ta sauka an ajiye farauta.

Duk wanda za ka ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka gaya masa kajin, da ɗan akuyan, da kwanon abinci, da yaron, a gaban bulama ko mai unguwa da wani shaida guda. Mai karɓa da ya san halin zai tsare. Wanda aka ɓoye wa zai sake shi a tsakar gida cikin 'ya'yansa, kuma abin da ya biyo baya da hannunka a ciki ko kana wace ƙasa. Malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa mai karen da aka san yana cizo, aka gargaɗe shi ya yi sakaci, shi ke ɗaukar lamunin ɓarnar. Addinin da ya halatta maka riƙonsa don tsaron dabbobi da gona shi ne ya ɗora maka wannan nauyin.

Saukewa a hanyar Bulangu kuwa ɗora wa mutanen da ba su ji ba su gani ba bala'i ne. Yunwa za ta kai shi garken wani, yara su bi shi da jifa, ya ciji wani, babu kuma wanda zai iya cewa ga katinsa, ga mai shi. Iyayen yaron sai su shiga neman kuɗin allurai a gigice. Shi ma Duna ƙishirwa ko mota ce ƙarshensa. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar ba sananne ne a wurinka, haka na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Guba mutuwa ce ta azaba mai ɗaukar lokaci, kuma ba ta tsayawa a kan wanda aka nufa, kaji su tsattsaga, kyanwa ta lasa, ungulu ta ci gawar, yaro ma yana iya tsintar ragowar. Akwai kuma masu zagaya ƙauyuka suna sayen karnuka. Da yawan waɗannan karnukan kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato ake kai su, inda ake sayar da su don nama, bayan doguwar tafiya a cunkushe. Ka san wannan kafin wani ya zo maka da tayin da ya yi daɗin ji.

In ka sami mutumin, kada ka bari sai daren tafiya. Ya riƙa zuwa gidanka kamar mako biyu ko uku, ya zauna nesa kuna hira, kada ya zuba masa ido, kada ya miƙa hannu. Sannu a hankali abincin ya koma fitowa daga hannunsa, ku riƙa fita tare, igiyar tana wurinka, daga baya ta koma wurinsa. Ranar ƙaura ka kai shi da kanka, da kwanonsa da buhun da yake kwanciya a kai da wata tsohuwar rigarka. Ya zauna a killace makonnin farko, in ba haka ba zai kamo hanyar tsohon gida. Ka yi ƙoƙari wannan ya faru saura wata guda ka tashi, domin in wurin bai karɓe shi ba kana nan.

In kuwa amsoshin da ka ba kanka sun nuna yana bin mutane da hari, ko likita ya ga haɗarinsa ya wuce a ba wani, ko lokaci ya ƙure babu gidan da ya dace, to abin da ya rage shi ne likita ya yi masa allurar da za ta sa shi barci ya wuce babu wahala, a binne shi da zurfi. Na san da ciwo, shekara uku yana kwana a waje don ku yi barci. Ka tsaya a wurin har a gama, muryar da ya sani ta kasance kusa da shi. Ina dai fatan ba za a kai nan ba, domin abin da ka bayyana ya fi kama da karen da tsoro da ɗauri suka gigita.

Kafin ka tashi ka je tsangayar almajirin nan ka ga malaminsa, ka duba yaron, in akwai kuɗin magani da ba a biya ba ka biya. Masu kaji da mai ɗan akuya ma ka sallame su. Sabon mai Duna ka koya masa abin yi in an yi cizo: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba a tsaya shafa toka ko gashin kare ba. Ƙanenka da ya ƙi riƙo ba zai ƙi zama wakili ba, ka bar masa kuɗin dusa da na allurar shekara uku, da ikon yanke shawara tare da likita in wani abu ya taso. Katin rigakafin ka ɗauki hotonsa a wayarka, ka miƙa na takardar ga sabon mai shi, ka rubuta masa watan da za a sake allurar a bayansa.