Shirin Ganawar Neman Aikin Injiniyan Manhaja: Darasi Daga Rajistar Manoma

Gabatarwa

A ƙasar Dambatta, Makoɗa, Bichi da Dawakin Tofa, gonaki sun haɗu da juna har babu sauran daji, kuma gonar gado tana ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba ta tsakanin magada. Saboda haka tilas wasu daga cikin 'ya'yan manoma su nemi abinci ta wata hanya. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce aikin injiniyan manhaja, wato mai rubuta umarnin da kwamfuta take bi. Yankin ba baƙo ba ne ga ilimin kimiyya, domin tun shekarar 1977 aka buɗe Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa, kuma Jami'ar Bayero tana da tsangayar nazarin kwamfuta. Sai dai takardar digiri kaɗai ba ta shigar da mutum kamfanoni irin su Google, Microsoft da Amazon. Sai ya haye wata ganawa mai tsanani, wadda abin da take aunawa shi ne yadda yake tunani. Shi kuwa tunani ana iya horar da shi da allo da alli.

Yadda Ganawar Take

Galibi akan fara da duba takardar bayanin karatu da ayyukan mai nema. Daga nan sai jarrabawa ta intanet, sannan ganawa huɗu ko biyar da injiniyoyin kamfanin, kowace ta kimanin minti 45. A mafi yawansu akan ba shi matsala ɗaya ko biyu, a ce ya warware da harshen kwamfuta da ya fi ƙwarewa a kai, kamar Python ko Java, yana yi yana bayyana dalilansa da baki. A da wasu kamfanoni sukan yi tambayoyi masu kama da kacici-kacici, amma a 2013 Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya bayyana cewa irin waɗannan tambayoyi ba sa nuna wanda zai iya aiki. Abin da ya rage shi ne ilimin algoridim, wato jerin matakan warware matsala. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9.

Misali na Farko: Rajistar Taki

A ɗauka malamin gona yana riƙe da rajistar manoma 1,000 da za a raba wa taki, an jera sunayensu bisa tsarin abacada. Wani manomi ya zo neman sunansa. Idan malamin ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, yana iya duba 1,000 kafin ya dace. Amma idan ya buɗe tsakiyar rajistar, ya ga ko sunan yana gaba ko yana baya, ya watsar da rabin da babu shi, saura 500. Ya sake yin haka, saura 250, sai 125, 62, 31, 15, 7, 3, sannan 1. Duba goma ya wadatar. Ko da sunayen sun kai 1,000,000, duba 20 ne kawai ake bukata, domin ninka yawan sunaye sau biyu duba ɗaya tak yake ƙarawa.

Wannan dabara ta raba biyu tana da sauƙin fahimta, amma rubuta ta daidai sai an yi hattara. A 2006 Joshua Bloch, wanda ya rubuta ta a cikin taskar manhajar Java, ya sanar da cewa akwai kuskure a cikinta da ya shafe kimanin shekaru tara ba a gano ba. Shi ya sa masu ganawa suke son ganin mai nema ya gwada aikinsa da kansa: me zai faru idan rajistar babu kowa a ciki, ko suna ɗaya ne kacal, ko sunan da ake nema ba ya nan?

Misali na Biyu: Buhunan Dawanau

Wani ɗan kasuwa a Dawanau yana da ragowar buhunan gero shida masu nauyin kilo 12, 25, 38, 47, 62 da 80. Yana son biyu da za su cika kilo 100 daidai. Hanyar farko ita ce gwada kowane buhu da kowane, wato gwaji 15. Idan buhunan 1,000 ne, gwajin zai kai 499,500. Hanya ta biyu ita ce a jera su daga ƙarami zuwa babba, a ɗora yatsa ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe. 12 da 80 sun ba da 92, bai kai ba, sai yatsan farko ya matsa gaba. 25 da 80 sun ba da 105, ya zarce, sai yatsan ƙarshe ya ja baya. 25 da 62 sun ba da 87, sai kuma 38 da 62 suka cika 100. Gwaji huɗu ke nan, kuma a buhu 1,000 da aka riga aka jera ba zai wuce 999 ba.

Mai neman da ya faɗi hanyar farko, ya ƙididdige wahalarta, sannan ya kawo ta biyu, ya fi wanda ya yi shiru na minti ashirin ya fito da amsar da ya haddace.

Matakan Amsa Tambaya

1. Maimaita tambayar da kalmominsa, tare da neman bayani kan abin da ya shige duhu.
2. Yin ƙaramin misali da hannu.
3. Faɗin hanya mafi sauƙi da yawan matakan da za ta ci.
4. Neman hanyar da ta fi ta sauri.
5. Rubuta umarnin a tsanake, sannan gwada shi.

Abin da Ɗalibi da Malami Za Su Yi

Tushen wannan ilimi yana cikin lissafin sakandare: logaridim, jerin lambobi, da ƙidayar hanyoyin zaɓe. Malami yana iya ware rabin sa'a a mako, ya haɗa ɗalibai biyu-biyu, ɗaya yana tambaya, ɗaya yana warwarewa a kan allo da babbar murya. A fara da Hausa har tunanin ya zauna, sannan a maimaita da Turanci, tun da da shi ake ganawar. Wanda ya samu wayar hannu yana iya gwada tambayoyin dandalin LeetCode, kuma rashin wutar lantarki ba ya hana rubuta amsa a takarda. Bugu da ƙari, yana da kyau ɗalibi ya gina ƙaramar manhaja mai amfani, alal misali ta lissafin adashi, domin akan tambayi mai nema aikin da ya taɓa yi da yadda ya zauna da abokan aiki.

Aikin Gida

Rajista tana da sunaye 4,000 a jere. Duba nawa ne mafi yawa da dabarar raba biyu za ta bukata? Ɗalibi ya nuna matakansa, ya kuma bayyana abin da zai canja idan sunayen ba a jere suke ba.