Darasin Kasuwanci: Kiwon Mariri a Makiyayan Teksas

Mariri dabbar sahel ce, fara mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa kamar takobi. A da garkenta na kai-komo daga Senegal zuwa Sudan, ta Nijar da Chadi. Farauta da bindiga da mota, da fari, da yaƙe-yaƙe, su ne suka ƙarar da ita, har a shekarar 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta bayyana cewa babu sauranta a daji. A wannan lokacin kuwa tana ta yaɗuwa a makiyayan 'yan kasuwa a jihar Teksas ta ƙasar Amurka.

Yadda sana'ar take

Fiye da kashi 90 cikin 100 na filayen Teksas mallakar mutane ne, ba na gwamnati ba. Dokar jihar tana ɗaukar baƙin dabbobi irin su mariri a matsayin dukiyar mai fili, tamkar shanu, don haka babu lokacin da aka hana farautarsu a shekara. Mai makiyaya yakan kewaye filinsa da waya mai tsawon kimanin ƙafa 8, ya tanadi ruwa da ƙarin abinci na lokacin sanyi. Mariri na jure zafi da ƙishi, kuma macen kan haifi ɗa guda bayan cikin wata takwas zuwa tara.

Hanyoyin samun kuɗi uku ne: sayar da dabbobin iri ga wasu makiyaya, karɓar kuɗin masu zuwa kallo, da sayar wa maharba izinin harbin manyan maza. Ta ukun ita ce ƙashin bayan sana'ar. Ƙungiyar masu wannan kiwo, Exotic Wildlife Association, ta ƙiyasta cewa a 2010 mariran Teksas sun haura 11,000, alhali a ƙarshen shekarun 1970 ba su kai 50 ba.

Doka da farashi

A 2005 gwamnatin Amurka ta sanya mariri, da takwararta adas, da barewar dama, cikin jerin dabbobin da ke bakin ƙarewa, amma ta keɓe waɗanda aka haifa a makiyaya daga neman izini. Ƙungiyar Friends of Animals ta kai ƙara, kotu ta yanke hukunci a 2009 cewa wannan keɓewa ta saɓa wa doka, aka kuma janye ta a watan Afrilu na 2012. Daga nan kowane mai kiwo sai ya nemi takardar izini kafin ya sayar zuwa wata jiha ko ya bari a harba.

Nan take farashi ya faɗi, masu kiwo da dama suka shiga rage garkensu. A watan Janairu na 2014 majalisar dokokin Amurka ta maido da keɓewar. Dabbar ba ta sāke ba, fili bai sāke ba. Takarda guda ce ta karya kasuwar, wata kuma ta ɗaga ta.

Iyakar amfanin makiyaya

Masu kiwo na cewa abin da ke kawo kuɗi shi ake tattalinsa. Masu adawa kuwa na cewa kiwon dabba domin a harbe ta a wata nahiya ba ceto ba ne. Akwai kuma matsalar iri: yawancin mariran da ke tsare a duniya jikokin 'yan ƙalilan ne da aka kamo a Chadi a shekarun 1960, kuma garken da ba a rubuta asalinsa ba yana da wuyar amfani wajen mayarwa daji.

Komawar mariri gida ta samu ne ta hannun gwamnatin Chadi, da hukumar muhalli ta Abu Dabi, da ƙungiyar Sahara Conservation Fund. A 2016 aka saki rukunin farko a gandun dajin Wadi Rime-Wadi Ashim, daga garken da Abu Dabi ta tattaro daga ƙasashe daban-daban, har da Amurka. A watan Disamba na 2023 IUCN ta cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Adas kuwa tana cikin mawuyacin hali: binciken da aka yi a 2016 a yankin Tarmit da Tin Tumma na Nijar guda uku kacal ya gano.

Abin lura ga ɗan kasuwa

Na farko, jarin da ribarsa ta rataya a kan doka guda yana iya rushewa dare ɗaya, saboda haka wajibi ne a lissafa wannan haɗari tun kafin a kafa shinge. Na biyu, dabbobin nan uku suna cikin rukuni na ɗaya na yarjejeniyar CITES, wadda ta tsananta sharuɗɗan cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya ta kafa dokarta mai lamba 11 a 1985 a kan haka. Na uku, rajistar asalin kowace dabba ita ke bambanta garken da ke da daraja da tarin nama kawai. Mai sha'awar irin wannan kiwo ya fara da lauya da likitan dabbobi, kafin ya nemi mai sayar da waya.