Zaɓen Salansa Mai Sauƙin Kuɗi ga Mota Mai Turbo: Darasi ga 'Yan Kasuwar Yola da Jimeta

YOLA. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na wannan shekarar, kuɗin riƙe mota ya zama babban kaso a lissafin kowane ɗan kasuwa. Kayan gyara daga ƙetare suke zuwa, farashinsu kuwa yana bin dala sau da ƙafa. Saboda haka idan salansa ta fashe, mai mota yakan ce wa makanike ya nemo wadda ta fi araha. A kan tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, wannan shawara ba ta cika jawo hasara ba. Amma a kan mota mai turbo, tana iya zama mafarin kashe kuɗi masu yawa.

Motoci masu turbo sun yawaita a titunan Jihar Adamawa. Akwai Toyota Hilux mai amfani da man gas, da Volkswagen Golf da Sharan masu alamar TDI, da Peugeot 406 mai alamar HDi, da kuma Honda Accord ƙirar 2018 mai inji lita 1.5. Ya kamata duk mai irin waɗannan ya san abin da zai saya kafin ya buɗe aljihu.

Yadda turbo ke aiki

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1905. Hikimarta ita ce a ci moriyar hayaƙin da inji ke zubarwa. Hayaƙin yakan bugi wata 'yar fanka ya juya ta, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin inji, sai ƙaramin inji ya ba da ƙarfin babba. Fankar takan yi juyi sama da 100,000 a minti guda, zafin hayaƙin injin fetur kuwa yakan kai digiri 900 a ma'aunin Salsiyas.

Abin lura a nan shi ne, turbo yana son hayaƙi ya fice da sauri da zarar ya gama aiki da shi. Idan bututun da ke bayansa ya matse, ko tukunyar salansa ta toshe, hayaƙi zai taru, zafi ya ƙaru, mota ta yi nauyin tashi, direba ya ƙara taka totur, mai kuma ya riƙa zurarewa. A garin da zafin rana kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ga kaya niƙi-niƙi a hanyar Gombi zuwa Mubi, wannan ƙarin zafi yana rage kwanan turbo, wanda kuɗinsa ya ninka na salansa.

A fara gano inda ciwon yake

Salansa ba abu ɗaya ba ce. Daga turbo akwai bututun farko, sai matatar hayaƙi wadda makanikai ke kira indomi, sai gaɓa mai saƙar waya da ke shanye girgizar inji, sai bututun tsakiya, sa'an nan tukunyar baya mai kashe ƙara. Sau da yawa guda ɗaya ne kaɗai ya lalace, galibi gaɓar nan ko tukunyar baya. Arahar farko ita ce a ɗaga mota, mai ita ya gani da idonsa, a canja abin da ya mutu kawai.

Har ila yau, ba kowane hayaƙi ne laifin salansa ba. Shuɗin hayaƙi alama ce ta baƙin mai yana ƙonewa, ko daga turbo ko daga cikin inji. Baƙin hayaƙi a motar gas kuwa yakan fito ne daga nozul, ko daga matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Sabuwar salansa ba ta maganin ko ɗaya daga cikinsu.

Hanyoyi uku na saye

Hanya ta farko ita ce kayan Beljiyam, watau waɗanda aka ciro daga motocin ƙetare, masu zuwa shagunan Jimeta daga manyan kasuwanni irin su Ladipo a Legas, da Nnewi, da Ƙofar Ruwa a Kano. Amfaninsu shi ne an ƙera su daidai da motar. Illarsu kuwa, a Turai da arewacin Amurka ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe. A duba wuraren walda da bakin mahaɗa, a jijjiga tukunya. Idan ta yi kacau-kacau, cikinta ya rube.

Ta biyu ita ce sabuwar salansa ta kamfanonin da ba su ne suka ƙera motar ba. A nan ƙarfe ne abin tambaya. Baƙin ƙarfe zalla ya fi araha, ya kuma fi saurin tsatsa. Wanda aka shafe da alminiyam ya fi shi ƙarko. Sai ƙarfe mara tsatsa mai lamba 409, da mai lamba 304 wanda ya fi duka tsada. Maganaɗisu yana kama 409 sosai, amma da ƙyar yake kama 304, don haka ɗan maganaɗisu a aljihu ya isa ya tona asirin wanda ya kira kayansa 304. Tun da ba a zuba gishiri a titunanmu, 409 ko mai alminiyam mai kauri ya wadatar da yawancin masu sufuri.

Ta uku ita ce a ba mai walda ya haɗa. Wannan ba laifi ba ne, muddin an tsaya a kan sharaɗi biyu: faɗin bututu kada ya gaza na asali, kuma kwana kada ta murƙushe. Bututun da aka lanƙwasa da ƙarfin tsiya yakan matse a kwana, ya zama tamkar an shaƙe wa mota wuya. Haka kuma tukunyar ƙaramar mota mara turbo ba ta dace da Hilux ba, ko da ta zauna daram.

Game da faɗi, matasa da yawa sukan nemi bututu mai inci 3 saboda ruri. A motar da ba a taɓa injinta ba, ribar ƙarin faɗi kaɗan ce, ga ƙara mai gajiyar da fasinja a doguwar tafiya, ga bututu yana gugar ƙasa a ramukan hanya. Ma'aunin da kamfani ya sa shi ne madogara.

Kada a sayar da indomi

A cikin matatar hayaƙi akwai ma'adanai masu daraja, watau filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa take da kasuwa. Wasu sukan ba mai mota shawarar a cire ta wai don inji ya sami numfashi, alhali kuɗinta suke hange. Idan aka cire ta, sensar da ke bayanta za ta kai wa kwamfutar mota rahoton ɓaci, fitilar gargaɗi ta kama ta zauna, ta yadda in wata sabuwar matsala ta taso ba za a lura ba. Darajar motar ma takan faɗi ranar sayarwa. Bugu da ƙari, hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da dokokin hayaƙin ababan hawa tun 2011. Idan matatar ta toshe da gaske, a canja ta, a gyara abin da ya toshe ta, mai mota kuma ya karɓi tsohuwar a hannunsa.

Lissafin ɗan kasuwa

A ƙaddara, alal misali, wata salansa naira 50,000 ce amma shekara ɗaya take yi, wata kuma naira 120,000 tana shekara huɗu. A shekara huɗu ta farkon ta ci naira 200,000, ban da kuɗin aiki sau huɗu, ban da kwanakin da motar ta kwana a gareji maimakon ta yi lodi a tashar Jambutu. Wannan shi ne abin da Hausawa ke nufi da araha ba ta ado.

Bayan an ɗaura, a tabbatar an sa sabon gaskit da sababbin robobin rataya, a tayar da inji a saurari yoyo. Hayaƙin da ke yoyo ƙarƙashin mota yana ɗauke da iska mai guba, mara launi mara wari, wadda kan sa direba barci, har ta yi kisa. A guji kutsa salansa mai zafi cikin ruwa da damina, musamman a unguwannin bakin Binuwai da suka sha ambaliya a 2012 da 2022. Motar da ba ta wuce zirga-zirgar Jimeta zuwa cikin Yola takan tara raɓa a tukunya, don haka a riƙa fita da ita doguwar hanya jefi-jefi domin ta bushe.

Daga ƙarshe, a nemi rasit mai ɗauke da sunan shago da nau'in ƙarfe, a kuma yi yarjejeniya da mai shago cewa za a mayar da kaya idan ba su dace da motar ba, tun kafin mai walda ya kunna wuta.